Tsakanin Allon Jama'a da Littafin Aljihu: Kwaso Tikitin Aiki Zuwa Kundin Rubutunka



 

Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne yadda ma'aikaci zai kwaso ayyukan da aka ɗora masa a manhajar bin diddigin aiki, irin su Jira da GitHub, ya shigo da su manhajar da yake rubutunsa na kashin kansa, kamar Obsidian. Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don wanda zai saɓa mini ya fara shirya hujjarsa. Ina goyon bayan a kwaso. Amma a kwaso kaɗan, ta hanya ɗaya tak, kuma kada a taɓa bai wa na'ura izinin taɓa abin da mutum ya rubuta da hannunsa. Zan kawo dalilaina a gaɓoɓi shida.

Gaɓa ta farko: littattafai biyu ne, kowanne da mai shi.

Manhajar bin diddigin aiki ta daɗe. Tun a 1998 aikin Mozilla ya saki Bugzilla don lissafa kurakuran manhaja. A 2002 kamfanin Atlassian na birnin Sidni a Ostireliya ya fito da Jira. GitHub ya buɗe a 2008, shekara guda bayan haka ya ƙara sashen tikiti. Dukkansu tsari ɗaya suke bi: kowane aiki ko matsala ana buɗe masa tikiti, a ba shi lamba da take, a rubuta wanda aka ɗora wa, da matsayin da yake ciki, da wa'adinsa, sannan a bar fili a ƙasa don tattaunawa. An gina su ne don amsa tambayar shugaban aiki: wa ke riƙe da me, kuma ina aka kwana?

Manhajar rubutun kai wata tambaya daban take amsawa: me na fahimta, me na gwada bai yi ba, me ya sa na zaɓi wannan hanya na bar waccan? Obsidian, wadda Shida Li da Erica Xu suka fitar a 2020, tana ajiye kowane rubutu a matsayin fayil na rubutu zalla a cikin kwamfutarka, da tsarin Markdown wanda John Gruber ya ƙirƙiro a 2004. Ko manhajar ta ɓace gobe, fayilolin suna nan, kowace manhajar rubutu za ta buɗe su.

Ku dubi shagon tela ana saura mako biyu Sallah. Akwai babban littafin shago, inda ake rubuta sunan mai kaya, da awonsa, da kuɗin da ya bayar, da ranar karɓa. Kowane yaron shago yana iya buɗe shi, kuma in rigima ta tashi shi ake ɗaukowa. Amma telan da ya san aikinsa yana da ɗan littafinsa a aljihu: wane ba ya son wuya ya matse shi, wannan shadda tana shiga in ta sha ruwa, zaren da aka sayo wancan makon yana tsinkewa. Babban littafi na shago ne, ƙaramin kuwa na tela ne, kuma da shi zai tafi duk shagon da ya koma. Wanda ya fahimci wannan bambanci ya fahimci rabin laccar yau.

Gaɓa ta biyu: to me ya sa za a kwaso ɗin?

Wani zai ce, tunda tikitin yana can, me zai hana in buɗe shi in duba? Dalilai uku ne.

Na ɗaya, tunani ba ya bin lambar tikiti. Matsalar da ka warware yau wataƙila 'yar'uwar wadda ka warware bara ce a wani aikin daban, a wata manhajar daban. Jira ba ta san da wannan dangantaka ba, kai ka sani. In kowane tikiti yana da shafinsa a kundinka, sai ka ɗaura shi da bayanin taron da aka tattauna shi, da abin da ka karanta a kansa, da rubutunka na ranar. A Obsidian, sanya sunan shafi cikin baka biyu masu kusurwa ya isa ya ƙulla mahaɗa, kuma shafin da aka ambata zai nuna maka duk inda aka ambace shi. Bajamushen masanin zamantakewa Niklas Luhmann ya bar katuna kusan 90,000 da ya ɗaɗɗaure da juna ta hanyar lambobi, duk da hannu. Mu na'ura ce ke riƙe mana ɗaurin.

Na biyu, intanet. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, cikinsu har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, aiki ya tsaya wa mutane da yawa a Najeriya da Gana da maƙwabta. Wanda jerin ayyukansa ke cikin kwamfutarsa a ranar ya ci gaba da abin da zai iya. Wanda komai nasa ke sabar wani kamfani a ƙetare sai zaman jira.

Na uku, kayan aro ba ya rufe katara. A watan Afrilun 2022 ma'aikatan Atlassian sun tashi goge wata tsohuwar manhaja, sai aka bai wa umarnin gogewar lambobin da ba su ba, ya goge shafukan abokan ciniki 775 gaba ɗaya. An maido da su, kamfanin ya kuma fitar da cikakken bayanin abin da ya faru, amma wasu sun kai kusan mako biyu ba su ga tikitinsu ba. Kafin nan, Google ya rufe dandalinsa na Google Code a farkon 2016. Ko ma babu wanda ya yi kuskure, babu wanda ya rufe, ranar da kwantiraginka ya ƙare ana rufe maka ƙofa, kuma daidai ne a rufe. Tambayar ita ce, darasin da ka koya a shekarun nan, shi ma a can ka bar shi?

Gaɓa ta uku: hanya ɗaya tak.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu ƙwazo suke faɗawa. Da zarar matashi ya ga tikitinsa sun bayyana a kundinsa, sai zuciya ta ce masa: ai saura in riƙa rufe tikiti daga nan, in gyara take daga nan, komai ya koma can da kansa. Sha'awa ce mai kyau, amma taura biyu ba ta taunuwa.

Ga abin da ke faruwa. Da ƙarfe goma na safe, babu intanet, ka gyara bayanin wani tikiti a kwamfutarka. Da ƙarfe goma da rabi abokiyar aikinka ta gyara wannan bayanin a Jira, ta ƙara abin da mai aikin ya faɗa mata ta waya. Da azahar intanet ya dawo. Yanzu kwafi biyu ne, kowanne ya canja. Wanne ne gaskiya? In ka ce na ƙarshe shi ne daidai, aikinka na safe ya tafi. In ka ce naka ne daidai, ka goge aikin baiwar Allah ba da saninta ba, kuma tarihin tikitin zai nuna sunanka a kan gogewar. In ka ce a haɗa su, to wa zai haɗa? Masana sun yi shekaru suna bincike a kan wannan matsala ta haɗa gyare-gyaren da aka yi a wurare biyu. Martin Kleppmann da abokan aikinsa sun fitar da maƙala mai tasiri a 2019 kan manhajojin da ke fifita ajiya a na'urar mai amfani, kuma babban sashenta kan wannan wahalar ne. Abin da ya ɗauki irin waɗannan mutane shekaru, ba ɗan shirin da ka rubuta a daren Asabar ne zai warware shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi rikicin kwafi muni. Kundinka wurin faɗin gaskiya ne tsakaninka da kanka. A nan kake rubuta cewa ba ka gane wannan sashe ba, ko kana ganin shawarar da aka yanke a taro ba za ta yi aiki ba, ko wa'adin da aka sa bai yiwuwa. Ranar da ka buɗe hanyar da rubutu zai iya fita daga kundin zuwa allon jama'a, ɗaya daga biyu zai faru: ko wani abu ya fita wanda ba ka shirya a gani ba, ko kuma ka daina rubuta gaskiya don tsoron ya fita. Na biyun ya fi zama asara, domin ba za ka ma lura da ranar da ya faru ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce kowane bayani ya kasance da gida ɗaya. Matsayin tikiti, da wa'adi, da wanda aka ɗora wa, gidansu Jira ko GitHub, abin da ke kundinka hoto ne kawai. Tunaninka gidansa kundinka. In kana son canja matsayin tikiti, danna mahaɗa ka je can ka canja, inda kowa zai gani. In ka gano abin da zai amfani abokan aiki, ka tace shi, ka kai shi can da hannunka, da niyya. Ina jaddada wannan na ƙarshe, jama'a: kundin kai ba hujja ba ce ta ɓoye ilimi. Wanda ya gano musabbabin matsala ya binne a kundinsa, tikiti ya zauna babu bayani, ya ci amanar tawagarsa.

Gaɓa ta huɗu: yadda ake yi, da ramukan da ke kan hanya.

Jira da GitHub duka suna da ƙofar da manhaja ke neman bayani daga wata manhajar, wadda masu sana'ar ke kira API. Ko dai ka yi amfani da ɗaya daga cikin 'yan manhajojin ƙari da masu amfani da Obsidian suka rubuta, ko ka rubuta ɗan gajeren shiri da kanka, da Python misali. Aikinsa huɗu ne: ya tambayi tikitin da aka ɗora maka, ya duba ko kowanne yana da fayil, ya buɗe wa wanda ba shi da shi, ya sabunta kan fayil ɗin wanda yake da shi. A Jira tambayar ana rubuta ta da harshen bincikenta, JQL. Ita wannan tambaya ku taƙaita ta: nawa kawai, ba na tawaga duka ba.

Fayil ɗin a raba shi biyu. Sama na na'ura ne: lamba, take, matsayi, wa'adi, mahaɗa, da lokacin da aka sabunta. Waɗannan ana sa su a sashen bayanan kan fayil, tsakanin layuka biyu masu ɗauke da karan ɗori uku-uku, inda Obsidian ke karanta su, kuma ƙarin manhaja irin Dataview zai iya jera maka su a tebur gwargwadon wa'adi. Ƙasa naka ne, kuma shirin ba shi da hurumi a wurin. Kafin ka sake shi a kan kundinka na gaske, gwada shi a kan kwafi, sannan ka tabbata kana da ajiyar da za ka koma gare ta.

Yanzu ramukan. Ɗalibai, wannan wurin ku rubuta.

Kada ku sa taken tikiti ya zama sunan fayil. Take yana canjawa, in ya canja shirin zai ɗauka sabon tikiti ne ya buɗe fayil na biyu. Kuma take kan zo da alamomi irin su ɗigo biyu da alamar tambaya, waɗanda Windows ba ta yarda da su a sunan fayil. Ko lambar da ido ke gani ba ta tabbata: in aka mayar da tikitin Jira zuwa wani aikin, lambarsa mai haruffa a gaba tana canjawa. Akwai wata lamba ta ciki da ba ta canjawa, ita za ku ajiye a kan fayil, da ita shirin zai riƙa gane tikiti.

GitHub yana ba da tikiti 30 ne a kowace amsa in ba ka nemi ƙari ba, iyakarsa kuma 100. Wanda bai nemi shafi na gaba ba zai zauna da jeri guntu yana zaton cikakke ne. Haka kuma jerin tikitin GitHub yana haɗowa da buƙatun haɗe gyaran manhaja, sai ka tace su. Yawan tambaya ma yana da iyaka: 60 a awa ga wanda bai gabatar da kansa ba, 5,000 ga wanda ya gabatar da kansa da mabuɗin sirri. Mai hankali ba ya kusantar wannan iyaka, domin yana tambayar abin da ya canja ne kawai tun zuwansa na ƙarshe. A nan ku kula da agogo. GitHub da agogon duniya na UTC yake lissafi, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. In ka aika masa lokacin agogonka a matsayin nasa, duk abin da ya canja a cikin wannan awa zai wuce ka, kuma babu wani saƙon kuskure da zai faɗakar da kai.

Rami mafi zurfi shi ne tikitin da ya ɓace daga amsa. Ka ce a ba ka buɗaɗɗun tikitin da ke kanka. Jiya an rufe ɗaya, an mayar da wani kan abokin aikinka. Yau ba sa cikin amsa, don haka shirin bai taɓa fayilolinsu ba, suna nan a kundinka suna cewa aiki na jiranka. Bayan wata uku kundin ya cika da ayyukan da aka gama tuntuni, kai kuma ka daina yarda da shi. Maganin shi ne shirin ya bi duk fayil ɗin da ke cewa a buɗe yake amma bai zo a amsar yau ba, ya tambayi labarinsa shi kaɗai, ya gyara matsayinsa. Ya gyara, na ce, ban ce ya goge ba. Rubutunka yana ciki.

Tattaunawar da ke ƙasan tikiti fa, a kwaso ta? Ra'ayina a bar ta can. Tana da yawa, tana canjawa, kuma maganganun mutane ne da suka yi a wani wuri don wasu masu sauraro. In wata magana ta yi maka amfani, taƙaita ta da kalmominka. Taƙaitawar ita ce ke sa ta zauna a kai.

Gaɓa ta biyar: amana.

Don shirin ya shiga, sai ka ba shi mabuɗin sirri. Wanda ya samu wannan mabuɗi ya zama kai a idon manhajar. Tun 2022 GitHub ya ba da damar yanka mabuɗi mai iyaka, wanda za ka ce karatu kawai zai yi, a ma'ajiya kaza kawai, kuma ya mutu ranar kaza. Irinsa za ku yanka. Ku lura, mabuɗin karatu zalla shi ne ke tabbatar da gaɓa ta uku: ko shirin ya yi kuskure, ba shi da ikon ɓata komai a can.

Ku kuma san inda mabuɗin yake kwana. 'Yan manhajojin ƙari na Obsidian da yawa suna ajiye saitinsu a wani fayil cikin ɓoyayyiyar folda a cikin kundin kansa, a rubuce ƙarara. In ka ɗora kundin a Google Drive, ko ka tura shi ma'ajiyar GitHub da kowa ke gani, mabuɗin ya bi shi. Su kansu manhajojin ƙarin mutane ne daban-daban suka rubuta su, kuma suna iya karanta fayilolinka su yi magana da intanet. Shi ya sa Obsidian ke zuwa da su a kashe, sai ka kunna da kanka.

Sannan babbar tambaya: bayanan nan naka ne da za ka kwasa? Tikiti kan ƙunshi sunan abokin ciniki, da lambar wayarsa, wani lokaci har da bayanin asusunsa ko rashin lafiyarsa. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Masu yi wa kamfanonin Turai aiki daga nan suna ƙarƙashin sharuɗɗan da suka samo asali daga dokar GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018. Kwafe irin waɗannan bayanai zuwa wayarka ta kanka na iya zama saɓa doka da saɓa kwantiragi a lokaci guda. Amma ko da babu doka, mutumin da ya ba kamfani lambarsa bai ba ka ita don ta kwana a wayar da ƙanenka ke wasa da ita ba. Ka tambayi shugabanka kafin ka fara. In ya ce a'a, akwai hanyar da ba ta taɓa sirrin kowa: ka ajiye lambar tikiti da mahaɗa kawai, ka rubuta darasin da ka koya ba tare da sunan kowa ba. Darasin naka ne, bayanan abokin ciniki ba naka ba ne.

Gaɓa ta shida, gajeriya ce: ba kowa ke buƙatar wannan ba.

In tikitin da ke kanka ba su wuce biyar ko shida a mako ba, kwafe lamba da mahaɗa da hannu ya ishe ka, kuma ya fi, domin yayin kwafewar kana karanta aikin. Shiri yana amfani ne ga wanda ke karɓar aiki daga wurare biyu ko uku, ko mai riƙe da tikiti masu yawa na tsawon watanni. Na ga matasa masu basira sun shafe makonni suna ƙawata kundinsu, tikitin da aka ɗora musu kuma na nan ba a taɓa ba. Ku fara da hannu na tsawon wata guda. Abin da kuka ga kuna maimaitawa har ya gundure ku, shi kaɗai za ku miƙa wa na'ura.

Ina roƙon shugabannin tawaga da ke zauren nan su rubuta wa ma'aikatansu ƙa'ida bayyananniya kan abin da aka yarda a kwafa da wanda ba a yarda ba, domin matasa na yin wannan kwasar ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Malamai kuma, don Allah a koya wa ɗalibai rubuta dalilin shawararsu tun suna aji, kamar yadda ake koya musu rubuta manhajar kanta.

   Na san akwai masu ganin daidaitawa ta hanya biyu tana yiwuwa, ina son in ji hujjarsu. Fili a buɗe yake, mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, bismillah.